Ziyarar Cibiyar Kennedy da iyali: daga yankan tikiti har motar ƙarshe

Cibiyar Kennedy, inda hukumar NASA ke harba kumbunanta zuwa sararin samaniya, tana tsibirin Merritt a gabar gabashin jihar Fulorida ta Amurka. Ɓangaren da aka buɗe wa masu yawon buɗe ido shi ake kira Visitor Complex, kuma abin da ke ruɗa mai zuwan fari shi ne wurin kashi biyu ne. Kashi ɗaya yana bakin ƙofa, da ƙafa ake zagaya shi. Ɗayan yana can cikin harabar NASA, ba a shiga da motar kai, sai a motar bas ta wurin, ita kuma tana daina ɗaukar mutane tun rana na sama. Duk tsarin yinin a kan wannan motar ya rataya. Bayanin nan na wanda ya riga ya shiga Amurka ne, zancen biza daban yake.

Tikiti muka fara saya, a shafinsu na intanet, kafin ranar tafiya. Lokacin da muka je na babba ya kai wajen dala 75, na yaro mai shekara 3 zuwa 11 ya gaza haka da dala 10, wanda bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. A lura, farashin da aka rubuta ba shi za a cire a kati ba, domin a Amurka sai an zo biya ake ɗora haraji. Wasu na mamakin tsadar, ganin cewa gidajen tarihin gwamnati da ke birnin Washington ba a biyan ko sisi. Dalili shi ne wannan wurin ba da kuɗin gwamnati ake tafiyar da shi ba, wani kamfani mai suna Delaware North ne ke gudanar da shi a madadin NASA tun 1995, da kuɗin masu ziyara. Tikitin nan guda ya haɗa da motar bas, da zauren jirgin sama jannati mai suna Atlantis, da majigi, da yawancin wasannin yara. Akwai kuma na kwana biyu, wanda abin da ya ɗara na kwana ɗaya da shi bai taka kara ya karya ba. Shafin zai yi ta tallata ƙarin abubuwa, irin su zama da ɗan sama jannati a yi hira, ko zagaye na musamman da ɗan rakiya. A zuwan farko ba a bukatarsu, abin da tikitin ya ƙunsa ma ba ya ƙarewa a yini ɗaya. Bayan biya za a turo tikitin ta imel da lambar da na'ura ke karantawa. A ɗauki hotonsa a ajiye a waya, kada a je bakin ƙofa ana neman intanet, layi ya taru a baya.

Daga filin jirgin Orlando tafiyar kamar kilomita 70 ce, awa ɗaya ko ƙasa da haka. Wanda ya sauka a unguwannin Disney ya ƙara rabin awa a lissafinsa. Babu motar safa ta gari da ke zuwa can kai tsaye, don haka zaɓi uku ne: motar haya da mutum zai tuƙa da kansa, motar kamfanonin yawon buɗe ido, ko Uber. Na ukun zuwa ba wuya, dawowar ce aiki, saboda wurin bayan gari ne kuma kowa lokaci ɗaya yake fitowa. Mu motar haya muka ɗauka, muka bi babbar hanya mai lamba 528, muka ratse ta 407, sannan 405 wadda ta haye gadar kogin Indian. Hanyar 528 ta biyan kuɗi ce, kuma galibi kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. Tun wajen karɓar mota a tambayi yadda suke lissafin kuɗin hanyar, domin wasu kamfanonin kan ɗora nasu ladan a kan kowace rana, sai an dawo gida a ga an zare. A taswirar waya kuma a rubuta cikakken suna, Kennedy Space Center Visitor Complex. In aka tsaya a rabin sunan, tana iya kai mutum ƙofar ma'aikata, inda masu gadi za su juyo da shi. Ajiye mota ma biya ake yi, tsakanin dala 10 zuwa 15. Da kati muka biya komai a ranar, kuma shi ya fi sauƙi.

Ƙarfe 9 na safe ake buɗewa, a rufe ƙarfe 5 na yamma mafi yawan ranaku. Mun isa kafin a buɗe, kuma ko a lokacin layi ya fara tsawo. Ana bi ta ƙofar gano ƙarfe, a leƙa jaka, sannan a nuna tikiti. Ba a shiga da wuƙa komai ƙanƙantarta, ba a shiga da kwalba, ba a shiga da babban akwati. Amma an yarda da abinci da ruwa a ƙaramar jakar sanyi mai laushi, wannan kuwa rahama ce ga mai iyali. Fasfo ba a tambaye mu ba, sai dai a riƙe shi, domin wasu zagayen na musamman sai da shaidar mutum. Binciken kansa bai fi minti kaɗan ba, jiran layi ne ke cin lokaci, kuma yana ninkawa in an yi hutun makaranta.

Ana shiga, abin da ido zai fara cin karo da shi lambun rokoki ne, dogaye a tsaye, wata ƙatuwa mai suna Saturn 1B a kwance. Nan ne yawancin mutane ke ɓata safiyarsu, yara su shige kwaikwayon kumbo, manya su hau ɗaukar hoto. Lambun ba inda zai je, yana nan har yamma. Mu wucewa muka yi kai tsaye zuwa tashar bas, wadda ke can ciki kusa da ginin Atlantis. Motocin na tashi ɗaya bayan ɗaya, kusan kowane kwata, amma ta ƙarshe tana tashi awa biyu da rabi kafin a rufe, wato wajen 2:30 na rana. Da safe layin gajere ne. Da hantsi ya dubi ludayi kuwa sai ya naɗe, a yi minti 40 ko fiye a tsaye cikin zufa. Keken tura yaro sai an naɗe shi kafin a hau.

Motar na da sanyi, da allon da ke bayani, direba kuma yakan sa baki ya nuna abin da ke gefen hanya. Wurin gandun namun daji ne da gwamnati ta keɓe, saboda haka a kwatamin bakin titi ana ganin kadoji suna shan rana, a kan wata bishiya kuma akwai sheƙar mikiya. Babban abin kallo a hanyar shi ne ginin da ake harhaɗa rokoki, wanda aka gama a 1966. Tsayinsa mita 160, kuma ido ba ya gaskata hakan, saboda fili ne fetal babu wani gini kusa da za a auna da shi. Sai an dubi tutar Amurka da aka zana a jikinsa, aka ji cewa kowane zane ɗaya na tutar faɗinsa ya kusa mita 3, sannan hankali ke kamawa. Ƙofofinsa mita 139 ne, buɗe su gaba ɗaya na ɗaukar minti 45. Daga ginin wata hanya mai faɗi da aka shimfiɗe da tsakuwar kogi ta miƙe zuwa dandamalin harbawa, a kanta wata ƙatuwar mota mai ƙafar katafila ke jan roka a tsaye, tana tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi a awa. Ba a sauka a ginin, ta taga ake kallo, kuma hanyar da motar ke bi na sauyawa idan ana shirin harbawa. Dandamali mai lamba 39A, wanda Apollo 11, kumbon da ya fara sauke mutum a duniyar wata, ya tashi daga kansa, tun 2014 kamfanin SpaceX ke haya da shi.

Inda motar ke sauke mutane shi ne Apollo/Saturn V Center, kuma ba a sakin mutum ya shiga yadda ya ga dama. Ana tara fasinjojin mota guda a ɗaki na farko, a tsaye, a nuna ɗan gajeren majigi kan tseren zuwa wata da Amurka ta yi da Tarayyar Sobiyet. Daga nan a buɗe ƙofa zuwa ɗakin ba da umarnin harbawa, da ainihin tebura da na'urorin da aka yi aiki da su, a maimaita mintunan ƙarshe na tashin Apollo 8 a Disamban 1968. Tagogi na karkarwa, ƙarar na da ƙarfi, ƙaramin yaro na iya firgita, gara a ɗauke shi a kafaɗa tun kafin a fara ƙirga. Duka biyun kamar minti 20 ne. Sai a buɗe ƙofa ta uku, mutum ya tsinci kansa a ƙarƙashin bakin injuna biyar na Saturn V, rokar da ke kai kumbunan Apollo zuwa wata, kowane baki mutum zai tsaya a ciki ya ɗaga hannu bai taɓo sama ba. An kwantar da ita a kan ginshiƙai, an raba ta gaɓa-gaɓa, tsawonta mita 111, ta fi filin ƙwallo. Tafiya daga gindinta zuwa kanta ita ce darasin gaba ɗaya. Gaɓar farko, mafi girma, mai ne zalla, kuma cikin minti biyu da rabi take ƙonewa a yar da ita. Ta biyu da ta uku ma mai ne, in ya ƙare a yar da su. Sai an kai can ƙarshe a ga ɗan ƙoƙon da mutum uku ke zama a ciki, shi kaɗai ke dawowa duniya daga abin da nauyinsa ya kusa tan 3,000. In za a yi wa yara bayani ɗaya a yinin, wannan ne, kuma a yi shi ana tafe a ƙarƙashinta.

A zauren akwai ɗan dutsen wata da aka yarda a taɓa, ana zura hannu ta wata kafa, ya yi sumul saboda yawan shafa. Layinsa na tafiya da sauri. A wani ɗaki mai duhu a gefe an ajiye ƙoƙon Apollo 14 na gaske, gindinsa a babbake, da rigar kwamandansa Alan Shepard wadda har yanzu ƙurar wata ke maƙale a gwiwoyinta. Mutane da yawa na wuce ɗakin ba su sani ba, don ƙofarsa ba ta da kwarjini. Akwai majigin saukar Apollo 11 a Yulin 1969, da kuma wurin tunawa da mutum ukun da gobara ta kashe a cikin Apollo 1 ranar 27 ga Janairun 1967, lokacin gwaji a ƙasa. An ajiye ainihin ƙofar kumbon, wadda ciki take buɗewa, shi ya sa da iska ta matse ta suka kasa janyo ta. Kusa da ita an sa sabuwar da aka ƙera bayan haɗarin, mai buɗewa waje cikin daƙiƙoƙi. A ware wa wannan ɓangaren awa biyu, ban da hanya. Motar komawa ma layi ake bi.

A nan muka ci abinci, a kan teburan da ke ƙarƙashin rokar. Abincin sayarwa irin na wuraren yawon buɗe ido ne, da tsada, kuma mai kiyaye halal ya yi hattara, domin yankakken jan naman da ake jerawa a kan fiza na alade ne, tsiren cikin burodi ma sai an tambaya. Abin da ya rage shi ne fiza mai cuku zalla, soyayyen dankali, ganye da 'ya'yan itace. Guzurin gida ya fi kwanciyar hankali. Akwai famfunan shan ruwa, a riƙe gorar roba ana cikawa. Masallaci babu, amma a bayan ginin akwai ciyawa da inuwa inda za a shimfiɗa darduma ba mai cewa uffan. Abu ɗaya da za a kiyaye, alƙibla a Fulorida ba gabas sak take ba, arewa maso gabas ce, don haka a duba manhajar waya kafin a kabbara.

Da muka dawo babban ɓangaren, Atlantis muka nufa. Ba a ɓata, domin a ƙofar ginin an kafa kwaikwayon tankin mansa mai ruwan goro da farar roka biyu a gefensa, tsayin mita 56. Nan ma tsarin ɗaki-ɗaki ne, a hau gangare, a jira, a kalli majigi biyu a tsaye. A ɗaki na biyu a matsa gaba ta tsakiya. Ba zan ɓata wa mai zuwa yadda ake ƙare shi ba, illa dai in ce allon ba bango ba ne. Atlantis ya yi tafiya 33 tsakanin 1985 da 2011, kuma shi ya rufe shirin jiragen da ke zuwa sama su dawo su sauka kamar jirgin fasinja. An rataye shi a karkace, ƙofofin ɗakin kayansa a buɗe, hannun ƙarfensa a miƙe, kusa ƙwarai har ana ganin ɗinkin farin bargon da ke jikinsa. Ba a wanke shi ba, ba a yi masa fenti ba. A sauka bene na ƙasa a dubi cikinsa, inda dubban baƙaƙen tubala ke jere, kowane da lambarsa, wasu sun koɗe sun yi toka-toka, wasu sababbi ne da aka canza. Su ne ke tare zafin da ke tasowa idan jirgin ya faɗo cikin iskar duniya da gudun kilomita 28,000 a awa. Wanda ya fahimci aikin wannan rigar zai gane abin da ya sami ɗan'uwansa Columbia ranar 1 ga Fabrairun 2003: wani ɓallin soso ya fizgo daga tankin mai lokacin tashi, ya huda gaban fiffiken hagu, da aka zo dawowa zafi ya shiga ta kafar.

A benen ƙasan akwai wani lungu shiru da aka keɓe wa mutum 14 da suka rasu a Columbia da wani ɗan'uwansa mai suna Challenger. Shi Challenger ya tarwatse ne daƙiƙa 73 bayan tashi ranar 28 ga Janairun 1986, saboda sanyin safiyar ya sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar roka. An nuna kayan kowane mamaci da iyalansa suka bayar, a ƙarshe kuma ɓallin jikin Challenger da firam ɗin tagogin Columbia. A ja hankalin yara kafin a shiga, ba wurin guje-guje ba ne. Na guje-gujen yana kusa, akwai zamiya da bututun rarrafe mai gani har ƙasa, da ban-ɗakin 'yan sama jannati, wanda shi ya fi jan tambaya. A cikin ginin ne kuma na'urar kwaikwayon tashi take, wadda ke kwantar da mutum rigingine ta girgiza shi. Sai yaro ya kai santimita 112 ake bari ya hau, kuma aunawa suke yi, roƙo ba ya aiki. A auna yara tun a gida don kada a yi alkawarin da zai ƙare da kuka. Jaka da waya ana sa su a akwatin ajiya kafin a shiga. Mai juna biyu da mai ciwon baya ko wuya su haƙura.

Ginin Gateway, wanda aka buɗe a 2022, na sababbin kumbuna ne, da wata rokar SpaceX da ta je ta dawo rataye a rufi, jikinta duk baƙin hayaƙi. Wasan da ke samansa na bukatar santimita 99, layinsa kuma dogo ne da rana. Ƙananan yara akwai musu Planet Play, ɗakin wasa mai sanyi, iyaye su samu su zauna.

Wanda ya fito daga ƙasar Hausa kada ya tafi bai shiga Heroes and Legends ba, ginin da ke daf da ƙofar shiga. A ciki akwai teburan ɗakin kula da tafiye-tafiyen Mercury, shirin farko da ya kai Amurkawa sararin samaniya, da taswirar duniya a bango mai nuna tashoshin da ke bin sawun kumbo. A nemo Kano a kanta. A farkon shekarun 1960 babu taurarin ɗan'adam da za su riƙa isar da magana, sai NASA ta jera tashoshi a kewayen duniya, kumbo na wuce wannan ya faɗa hannun waccan, aka kafa ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya yi magana da tashar Kano, har ya shaida musu yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka tabbatar masa an kwana biyu ana iska. Duk wanda ya san hazon Fabrairu ya san abin da ya gani. Majigin farkon ginin na da tsayawa a kan baranda da iska da girgiza, wanda jiri ke ɗiba ya riƙe ƙarfe. Daga nan muka fita lambun rokoki da la'asar, rana ta yi sanyi, mutane sun ragu, hoto ma ya fi kyau.

Yanayi na da hannu a wannan tsarin. Daga Yuni zuwa Satumba zafi ne mai ɗanshi, kuma kusan kullum da rana hadari ke haɗowa da tsawa. Idan na'urarsu ta nuna walƙiya a kusa, sanarwa ake yi a shiga gini, abubuwan waje su tsaya. Wanda ya gama da bas da safe, hadarin zai same shi a cikin Atlantis, ba abin da ya rasa. Daga Nuwamba zuwa Maris an fi sakewa, sai dai makon Kirsimeti da hutun makarantu na Maris cunkoso ne. Cikin gine-ginen kuwa sanyin na'ura na da yawa, a riƙe wa jariri rigar sanyi ko da bazara ce.

Zancen ganin harba roka da ido, kada a gina tafiya a kansa. Gaskiya ne yanzu ana harbawa akai-akai, a 2024 kaɗai an yi fiye da sau 90 daga wannan gaɓar, yawanci rokar Falcon 9. Amma iska, ko gajimare mai ɗauke da lantarki, ko wata 'yar matsala a bututun mai, ko jirgin ruwa da ya kutsa yankin da aka hana, kowanne na sa a ɗage, wani lokaci saura daƙiƙoƙi. In lokacin ya faɗo cikin sa'o'in buɗewa, sau da yawa tikitin shiga ya isa a kalla, daga babban ɓangaren ko daga kujerun bayan zauren Apollo, inda ruwa ne kawai tsakaninka da dandamalin. Manyan tashi, musamman masu ɗauke da mutane, tikitinsu daban ne, yana ƙarewa da wuri, kuma a karanta sharaɗin abin da zai faru da kuɗin in an ɗage. Ranar irin wannan hanya na cushewa, a ninka lokacin tafiya. In da dare ne, bakin kogi a garin Titusville kyauta ake kallo. A gaya wa yara tun da wuri cewa wuta za su fara gani shiru, ƙarar sai daga baya, domin sauti na cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku.

A ganina mai yara ƙanana ko dattijo a tare da shi ya sayi tikitin kwana biyu kawai, ya ba Apollo da lambun rokoki rana ɗaya, Atlantis da sauran rana ɗaya. Mai yini ɗaya kuma ya yarda tun farko cewa zai bar wani abu, kuma abin bari shi ne dogon majigin babban allo da ake kira IMAX, tunda minti 40 ɗin da zai ci sun fi amfani a gaban abin da ba a gani a waya. Duk bayanin wurin da Turanci ne, masu magana kuma da sauri suke yi, saboda haka wanda zai yi wa iyali tafinta ya ɗan karanta tarihin Apollo da na Atlantis kafin ranar. Kantin tsaraba a bar shi ƙarshe, yana kan hanyar fita kuma ba ya rufewa kafin sauran wurare. A ɗauki hoton alamar layin da aka ajiye mota tun da safe, domin da yamma filin cike yake da motocin haya farare masu kama ɗaya.